Gidan da Gara Ta Ci: A Saya ko a Bari?

Wani malamin makaranta daga Zariya ya aiko da tambaya cewa ya sami gida mai ɗaki uku da falo, ginin bulo da rufin kwano, wanda aka gina tun farkon shekarun 1980, kuma ya yi shekara shida a kulle saboda magada ba su daidaita a kan rabonsa ba. Kuɗin da aka sa wa gidan bai kai na gidajen da ke kewaye da shi ba, amma gara ta cinye firam ɗin ƙofofi biyu, silin ɗin falo ya lotsa, akwai kuma zanen ƙasa a jikin bangon kicin. Dillali ya ce masa feshi ɗaya ya isa. Yana so ya san ko ya saya, in kuma ya saya, ta ina zai fara gyara.

Malam, amsata a taƙaice ita ce gidan zai iya sayuwa, kuma na sha ganin irinsa ya zama alheri ga mai saye, amma kada ka ba da ko kafin alƙalami sai wani wanda ya san aikin gini ya hau cikin silin ɗin nan da tocila, ya taɓa kowane katako da hannunsa. Maganar dillali cewa feshi ɗaya ya isa ba gaskiya ba ce, ko da kuwa da zuciya ɗaya ya faɗe ta, domin feshi yana kashe garar da ido ke gani ne kawai, alhali wadda ake gani ba ta kai komai ba idan aka kwatanta da wadda ke ƙarƙashin ƙasa.

Ya kamata ka fara sanin halin abin da kake shirin yaƙa. Garar da ke ɓarna a gidajen ƙasar Hausa kusan duk mazauniyar ƙasa ce. Gidanta na iya zama suri da ake gani a fili, irin na zago, ko kuma ramuka a ɓoye waɗanda ba su da wata alama a sama, kuma ma'aikatanta suna iya tafiyar mita masu yawa ta ƙarƙashin ƙasa kafin su iso inda abinci yake. Jikinta laushi gare shi, iska da rana suna busar da ita nan da nan, shi ya sa take gina wa kanta rufaffiyar hanya da ƙasa da yawunta duk inda za ta bi. Zanen ƙasar da ka gani a bangon kicin hanyarta ce tsakanin gidanta da katakon rufi. Wannan hali nata shi ne mabuɗin al'amarin gaba ɗaya: gara ba ta zama inda babu danshi, kuma ba ta ci gaba da cin katako idan an yanke mata hanyar komawa ƙasa. Gidan da ya yi shekara shida a kulle, ba mai share shi, ba mai buɗe taga, ba mai lura da yoyon kwano, ya tara mata duk abin da take so, wato duhu da laima da rashin mai damunta.

Ba ta cin siminti, ba ta cin bulo, amma tana ratsa tsagar da ba ta fi milimita 1 ko 2 ba, kuma ramukan da ke cikin bulo, ko mai inci 9 ko mai inci 6, sun zama mata hanya daga tushe har zuwa linta ba tare da kowa ya gan ta ba. Tana kuma bin bututun wayar lantarki da ke cikin bango, tana bin gefen bututun ruwa inda ya huda daɓe. Saboda haka tsabtar bango daga waje ba hujja ba ce cewa ciki lafiya yake. Haka take yi wa katako, ta cinye cikinsa ta bar ɓawo siriri da fenti a kai, har mutum ya ga rafta a tsaye kamar sabo, ya danna da yatsa ya ji ya burme.

Ranar da za ku je dubawa, ku tafi da tsani da tocila mai ƙarfi da sukudireba mai tsini da ƙaramar guduma, kuma ku nemi izinin magada a rubuce ko gaban shaidu cewa za ku ɓalle silin a wuri biyu ko uku. Idan suka ƙi, wannan kansa amsa ce. A cikin rufin, wurin da ya fi muhimmanci shi ne katakon da ke kwance a kan bango, wanda raftoci suke zaune a kansa, domin shi ne na farko da gara ke tararwa idan ta fito daga cikin bulo, kuma shi ne ke riƙe da rufin gaba ɗaya lokacin iskar farkon damina. Daga nan a bi ƙarshen kowane rafta da kowace mahaɗa inda aka buga ƙusa. Katako mai lafiya yana amsa guduma da ƙara mai kauri, wanda aka cinye kuwa yana amsawa kamar ganga, sukudireba kuma tana shigewa cikinsa ba da wahala ba, ta fito da ƙasa. A riƙa yi wa kowanne alama da alli, a ƙirga masu lafiya da marasa lafiya, domin da wannan ƙidayar za a yi ciniki.

Ku kuma karya ɗan yanki na hanyar ƙasar da ke bangon kicin. Idan akwai gara a ciki tana kai da kawowa, ko kuma kuka dawo bayan kwana uku kuka tarar an ɗinke wurin da sabuwar ƙasa mai danshi, to tana nan da ranta. Idan hanyar ta bushe tana marmashewa, mai yiwuwa ta bar wannan hanya, amma hakan bai nuna ta bar gidan ba. Fukafukan gina da aka zubar a bakin taga ko a kusurwar ɗaki, musamman bayan ruwan farko, alama ce cewa akwai gidan gara da ya balaga a kusa. Akwai kuma wata ɓarnar da ake ɗora wa gara alhali ba tata ba ce: idan ka ga ƙananan huji zagaye a jikin katako da gari mai laushi kamar fulawa yana zuba, wannan ƙwaron katako ne, maganinsa daban, kuma yi wa ƙasa magani ba zai taɓa shi ba.

Bayan rufi sai a nemo inda ruwan yake fitowa, kuma a nan ne nake ɗaukar lokaci fiye da ko'ina idan aka kira ni duba gida. A zagaya bayan gidan a ga ko ƙasar waje ta taso har ta kai ko ta wuce tsayin daɓen ciki, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin unguwanni inda titi ke ƙara tudu shekara bayan shekara. A duba ko ruwan kwano yana zuba ne daidai gindin bango, ko sokawe ta tsage, ko bututun banɗaki yana tsiyaya a cikin bango, ko akwai kututturen itacen da aka sare aka bar saiwarsa a ƙasa. A ciki kuma a duba ko filasta tana kumbura tana zubar da farin gishiri daga ƙasa zuwa kusan tsayin gwiwa ko ƙugu, domin wannan yana nuna cewa danshi yana hawowa daga tushe, ko dai ba a sa abin tare laima ba lokacin gini ko kuma ya lalace. Idan ka tarar da tsaga a bango mai tafiya a karkace kamar matakala, wadda ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, ko daɓe ya nitse a wani gefe yana amsa guduma kamar akwai rami a ƙarƙashinsa, to maganar ta wuce ta kafinta. Sai ka kira injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN, mai kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya duba tushen, domin gara na iya kwashe ƙasar cikon da ke ƙarƙashin daɓe, ruwa kuma na iya zaunar da tushe, kuma gyaran tushe shi ne abin da ke mayar da gida mai araha ya fi sabo tsada. A ganina nan ne iyakar: rufin da ya lalace ba ya hana ni ba da shawarar a saya, tushen da ya motsa kuwa yana hana ni, sai fa idan kuɗin da ake nema bai wuce kuɗin filin ba.

Game da ciniki, hanyar da nake bi mai sauƙi ce. Ka ɗauka cewa abin da kake saya shi ne fili da bango da takarda, ka sa wa rufin da silin da ƙofofi da wayar lantarki farashin sifiri har sai dubawa ta nuna akasin haka. Ka sa kafinta da birkila da mai lantarki da mai maganin ƙwari kowa ya rubuto maka kiyasinsa daban, ka tara, sannan ka ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kai, domin ban taɓa buɗe rufin da gara ta shiga na tarar ɓarnar ta tsaya inda aka zata ba. Idan kuɗin gidan da wannan jimla suka haɗu suka yi ƙasa da kuɗin gida mai lafiya a wannan layin da rata mai ma'ana, cinikin yana da kyau. Idan suka zo daidai, ka sayi wahala ne kawai.

Akwai wani gefe na shari'a da ya kamata ka sani. Malaman Malikiyya sun yi bayanin aibin da aka gano a gida bayan ciniki, suka raba shi uku: ɗan kaɗan wanda ba ya rage daraja, matsakaici wanda mai saye zai karɓi ragin kuɗi a kansa, da babba wanda ke ba shi damar mayar da gidan. Amma duk wannan yana kan aibin da ya ɓoyu ne. Wanda ya ga aibi da idonsa, ya sani, ya kuma saya, ya yarda da shi ke nan. Tunda kai ka riga ka ga gara, ba za ka dawo bayan wata uku ka ce an cuce ka ba, don haka duk ragin da za ka nema, yanzu ne lokacinsa. Kuma tunda gidan gado ne, ka tabbata an yi rabon, ko dai dukkan magada, maza da mata, sun sa hannu ko sun wakilta wani a gaban kotu, sannan ka je hukumar KADGIS, mai kula da takardun filaye a Jihar Kaduna, ka bincika takardar filin, ka kuma tuna cewa Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna kafin a mayar da mallakar filin da ke da takardar gwamnatin jiha zuwa sunan wani. Gara tana da magani, rikicin magada kuwa yana iya cinye shekarun da suka fi na gyaran gidan.

Idan ciniki ya faɗa, jerin aikin shi ne abin da ya fi komai muhimmanci, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke asarar kuɗinsu. Na taɓa duba wani gida inda mai shi, saboda ɗokin tarewa kafin salla, ya sa aka ɗaura sabon silin na fi'ofi a jikin tsohon katako, aka yi fenti, aka sa tayil. Damina biyu kacal silin ɗin falon ya rufto da dare, Allah ya kiyaye babu kowa a wurin, kuma da muka hau sai muka tarar katakon da aka ɗaure shi a jiki ya zama ƙasa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗin da ya kashe a kwalliyar ya isa ya sauya rufin tun farko. Saboda haka a fara da ruwa, a bi da gara, sannan katako, kwalliya kuma ta zo a ƙarshe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da za a iya kware rufi ba fargabar hadari, ƙasa kuma ta sha magani ba tare da ruwan sama ya wanke shi ba.

Maganar ruwa ita ce a gyara duk bututun da ke yoyo, a sake sokawe idan ta tsage, a sauke ƙasar da ta taru a jikin bango har a sami aƙalla santimita 15 tsakanin ƙasar waje da daɓen ciki, a karkata ƙasar ta yadda ruwa zai gudu daga gidan, a tono kututture da saiwoyi da duk guntun katako da kwali da aka binne ko aka jibge a tsakar gida. Sannan a sauke silin gaba ɗaya, a fitar da duk katakon da ya ciwu a ƙone shi nesa da gidan, kada a ajiye shi a bayan kicin da sunan itacen girki. A nan akwai abin lura: gidaje da yawa na wancan zamani an yi musu silin na asbesto, wanda ƙurarsa ke haddasa mummunar cutar huhu bayan shekaru. Idan irinsa ne, a jiƙa shi da ruwa, a cire kowane falle ɗungurungum ba tare da fasawa ko yankawa ba, ma'aikata kuma su rufe hanci da baki da abin kariya na gaske.

Maganin gara na gaskiya a ƙasa ake yin sa. Ana haƙa ɗan rami mai faɗi da zurfin kimanin santimita 15 a jikin tushe, a zagaye gidan duka ba tare da barin giɓi ba, a zuba maganin da aka haɗa daidai da umarnin da ke jikin kwalbarsa, abin da yakan kai kusan lita 5 ga kowace mita, a kuma jiƙa ƙasar da za a mayar. A ciki ana huda daɓe a bin bango, huji bayan huji da tazarar kusan santimita 30, da kewayen kowane bututu, a tura maganin da famfo, sannan a toshe da siminti. Idan mai maganin ya zo da ƙaramar jarkar feshi ya ce zai gama cikin awa ɗaya, ba wannan aikin ya zo yi ba. Ni na fi son magunguna masu sinadarin fipronil ko imidacloprid, domin gara ba ta jin su balle ta kauce, sai ta ratsa ta cikinsu ta kwasa a jikinta ta kai wa 'yan'uwanta. Masu korarta kawai suna aiki, amma da ta sami giɓi ɗaya za ta bi ta nan. Tsofaffin magina za su ba ka labarin aldrin da dieldrin da Gammalin, cewa su ne masu ƙarfi. Gaskiya ne sun daɗe a ƙasa, kuma wannan daɗewar ce ta sa aka hana su, domin suna taruwa a jikin mutum da dabba: aldrin da dieldrin suna cikin jerin farko na sinadaran da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Stockholm ta hana a 2001, sinadarin lindane da ke cikin Gammalin kuma aka ƙara shi a 2009. Kada ka yarda a kawo maka wani abu a jarka marar suna, ka nemi ganin kwalbar da lambar NAFDAC a jiki. Idan akwai rijiya ko burtsatse kusa da bango, ka faɗa wa mai aikin tun kafin ya fara, domin ba a tura magani a ƙasar da ke kusa da ruwan sha, kuma kada yara da kaji da awaki su kusanci wurin sai ƙasar ta bushe.

Mutane sukan tambaya ko tone suri a cire sarauniya ya wadatar. Idan akwai suri a filin, a tone shi, yana da amfani, domin sarauniyar zago tana iya yin ƙwai dubbai a rana guda. Amma garar da ke cin rufinka ba lalle daga wannan surin take ba, tana iya fitowa daga ƙarƙashin gidan maƙwabci ko daga ramukan da ba su da tudu, saboda haka tonon ba ya maye gurbin maganin tushe.

Sai katako. Idan ƙidayarku ta nuna abin da ya ciwu ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na rufin, ko katakon kan bango ya tafi, shawarata a sauke rufin duka, domin ɗinkin sabo a jikin tsoho yana cin kuɗin aiki mai yawa kuma ba ya ba da kwanciyar hankali. Idan aljihu zai ɗauka, a yi sabon da ƙarfe, a shafe shi da fentin hana tsatsa, a kuma sa firam ɗin ƙofa da taga na ƙarfe ko alminiyom, ka ga an cire wa gara abincinta mafi yawa. Idan katako za a mayar, a zaɓe shi da ido a kasuwa, kada a aika. Iroko da kawo da ƙirya suna da jimiri a gaban gara, musamman zuciyar itacen, farin gefen da ke kusa da ɓawo kuwa ba shi da wannan jimirin ko a itace mai ƙarfi. Obece da afara suna da sauƙin aiki da sauƙin kuɗi, kuma gara tana son su ƙwarai. Iyayenmu da suka yi rufin soro da azarar giginya sun san abin da suke yi, domin ɓangaren waje na tsohuwar giginya yana da taurin da gara ba ta cika iya masa ba, shi ya sa ake samun azara mai shekaru da yawa a tsofaffin gidajen birnin Zariya da Kano tana nan daram. Kowane katako ya zama busasshe, a jiƙa shi da maganin katako irin su Solignum ta hanyar tsomawa a kwami idan zai yiwu, ba shafawa sama-sama ba, kuma duk inda kafinta ya yanka ko ya huda a sake shafe wurin, domin ta bakin yanka gara ke shiga. Baƙin man mota da ake shafawa yana ɗan jinkirta ta, amma ba ya shiga cikin katakon sosai, yana ƙara haɗarin gobara, kuma ba na dogara da shi. Tsakanin bango da katakon da zai kwanta a kansa a zuba kankare ya toshe ramukan bulo na sahun ƙarshe, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta, a ɗaure katakon da ƙarfe a jikin ginin saboda iska.

Tun silin yana buɗe mai lantarki ya bi wayoyin, domin gara tana gwaguyar robar waya, kuma wayar da ta shekara arba'in ta kai a sauya ta ko ba gara. Idan za a rufe silin, a bar ƙofar shiga mai faɗin da mutum zai iya wucewa, a bar kuma hujin shan iska a ƙarƙashin rufin da raga a jiki. Kabad na kicin da na ɗaki kada su zauna kai tsaye a kan daɓe ko su manne da bangon banɗaki, a ɗora su a kan dakalin siminti. A waje kuma a zuba daɓen siminti mai faɗin kusan mita ɗaya a zagaye gidan bayan an gama maganin ƙasa, kada a dasa fulawa a jikin bango, domin ban-ruwan kullum yana dawo da danshin da aka sha wahalar korewa.

Maganin da aka zuba a ƙasa yana da wa'adi, ƙarfinsa yana raguwa da shekaru, kuma duk wanda ya haƙa rami a jikin tushe don sa sabon bututu ya yanke zoben ke nan, sai an sake zuba magani a wurin. Ka karɓi takarda daga mai aikin wadda ta nuna sunan maganin da yawan da aka zuba da ranar da aka yi, da alkawarin cewa zai dawo idan gara ta sake ɓullowa cikin lokacin da kuka amince. Daga nan kuma, sau biyu a shekara, bayan ruwan farko da kuma ƙarshen damina a watan Oktoba, ka zagaya gindin bango ciki da waje, ka leƙa bayan kabad da ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ka sa tsani ka hau cikin silin da tocila ka duba katakon kan bango.